Ku Tambaya Mu Amsa: Fita Yawon Duwatsu da Iyali a Ƙasar Damagaram

Tun da sanyi ya fara shigowa wasiƙu suka yawaita a kan magana ɗaya. Iyaye na so su fitar da yara bayan gari su miƙe ƙafa, su hau duwatsun nan da kullum suke hange daga cikin mota, amma ba su san ta inda za su faro ba. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, wasu kuma mun taƙaita su saboda fili.

Assalamu alaikum. Ina da yara huɗu, babbar shekararta 13, autan 4. Daga gida sai lakwal, daga lakwal sai gaban talabijin. Ina so in riƙa kai su tattaki cikin duwatsu ranar Lahadi. Ina za mu fara, kuma kilomita nawa yaro zai iya? (Wani magidanci, Sabon Gari)

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya raya su. Autan nan shi ne ma'aunin tafiyarku. Babban mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa idan hanya na da kyau. Ɗan shekara 4 ko 5, da tsaye-tsayensa da tsince-tsincensa, da wuya ya wuce kilomita ɗaya da rabi a awa, kuma bayan awa ɗaya da rabi ƙafarsa ta gama aiki. Saboda haka fitar farko kada ta wuce kilomita 2, zuwa da dawowa. Ƴan shekara 7 zuwa 10 za su iya 4 ko 5, babbar kuma 7 ko 8 idan ta saba. Inda rairayi ke da zurfi ku rage kashi ɗaya cikin uku na wannan lissafi, domin ƙafa na nutsewa tana zamewa baya a kowane taku. Hawa kuma, ana ƙara wa babba minti 10 a kan kowace mita 100 ta tsayi, yaro a ninka masa.

Ku fara daga cikin garin Zinder. Unguwar Birni an gina ta ne a tsakanin manyan duwatsu, har wani gidan dutse ne bangonsa. Ku faro daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, ku bi lunguna, ku nuna musu ragowar ganuwar da aka ɗaukaka a zamanin Sarki Tanimu, ku gaya musu garin nan ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mai da mulki Yamai a 1926. A wannan zagaye za ka gane wane yaro ke saurin gajiya, wane takalmi ke ciwo, alhali gida na kusa. Mako na biyu ko na uku ku ɗauki hanyar Mirya, kusan kilomita 20 gabas da gari. Akwai tarin duwatsu jefi-jefi a gefen hanya, ga gonaki, ga kukoki, ga garake masu inuwa inda za a huta. Amfanin wannan hanya shi ne ba ku yi nisa da mota ko kabu-kabu ba idan wani abu ya taso. Tabkin Gidimuni, da kuma duwatsun Muniyo da na Kutus a ƙasar Gure mai nisan sama da kilomita 160 daga Zinder, tafiya ce ta kwana. Ana yin ta da ɗan gari mai rakiya, bayan an tambayi hukuma halin hanya. A bar ta sai yara sun ƙara ƙwari.

Sai zaɓen dutsen kansa, wanda ya fi zaɓen gari muhimmanci. Iri uku za ku tarar. Akwai falalen dutse mai kwanciya, wanda ke tashi a hankali kamar bayan kunkuru, shi ne na yara. Akwai tarin ƙosassun duwatsu da suka hau kan juna, da tsaga mai zurfi a tsakaninsu, wannan a zagaye shi a kalla daga ƙasa. Akwai kuma wanda ake fasawa don tsakuwar gini, gefensa da kaifi, ƙasansa da rami, ba wurin yara ba ne ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: inda kai babba za ka hau ka sauko ba tare da ka dafa hannu ba, yaro zai iya. Inda sai ka dafa, na autan ya ƙare a nan. Ka nemi ƴar hanyar da awaki da masu itace suka taka, domin su sun riga sun gano gefen da ya fi sauƙi. Mu dai shawararmu ka je kai kaɗai tukuna, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka taka hanyar da agogo a hannu. Duk dutsen da ke da barikin soja ko eriyar sadarwa a kansa ko kusa da shi, ba a hawansa, ba a ɗaukar hotonsa.

Ruwa nawa za mu ɗauka? Mu shida ne, ni da maigida da yara huɗu, kuma ina da goyo ɗan wata biyar. (Wata uwa, Birni)

Ƴar'uwa, ga lissafin fitar awa uku a lokacin sanyi. Kowane babba lita ɗaya da rabi, ke mai shayarwa lita biyu. Kowane yaro lita ɗaya. A ɗora lita biyu na ko-ta-kwana, don wanke ciwo ko ido. Jimla lita tara da rabi, wato ruwan leda 19 tunda kowace leda rabin lita ce. Gora mai murfi ta fi leda, domin leda in an huda ta sai an shanye, kuma ledar da aka yar awakin ƙauye ke haɗiyewa ta toshe musu ciki. In da mota kuka je, ku bar jarka mai lita biyar a ciki.

Ruwan kashi uku ake yi masa a zuci: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Da zarar kashin farko ya ƙare a juya, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Hunturu na yaudara a nan. Iska busasshiya ce, gumi na bushewa tun kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Yaro mai wasa kuma ba ya cewa yana jin ƙishi sai abin ya yi nisa. Ki riƙa tsai da su kowane minti 20 kowa ya yi kurɓi uku ko huɗu. Ki lura da fitsarinsu, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi kaɗan. Yaron da ya yi shiru bayan da yana surutu, ko ya ce kansa na ciwo, ko ya fara tuntuɓe a inda ba komai, a zaunar da shi a inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Fakitin da ake sayarwa a famasi a lita ɗaya ake kaɗa shi. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, shafaffu ba masu tozo ba. Idan ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, to wannan zafi ne ya buge shi. A yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a nufi likita nan take, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki.

Jaririnki kuwa bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwa. Ki ƙara yawan shayarwa, ke ki ƙara sha. Goyo da hawan dutse ba sa shiri: nauyin na jan ki baya, ba kya ganin inda kansa yake idan kin juya kusa da dutse, kuma zafi na taruwa tsakanin bayanki da cikinsa. Ki bi su a hanyar ƙasa, ki kwance shi a inuwa kowane rabin awa ya sha iska, su kuma su hau falalen da babansu kina kallonsu.

Abinci a ɗauki wanda ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, alkaki, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, lemo. Kilishi na da daɗi amma yaji da gishirinsa na ƙara ƙishi, a bar shi sai an sauko. Fura da aka dama da nono tun asuba takan yi tsami kafin hantsi in ta sha rana, gara a shanye ta kafin a tashi.

Wane wata ya fi dacewa, kuma da wane lokaci? (Wani ɗalibi, Zango)

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Oktoba mutane na ganin kamar ta dace saboda daji kore ne, amma zafi na dawowa bayan ɗaukewar ruwa, ciyawa ta rufe ƙasa, ƙarangiya ta nuna, macizai kuma na yawo cikin gonaki. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma dutse ya fi iska zafi nesa, har yakan ƙona tafin yaro. A bazara ba a kai yara dutse da rana.

A Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura kwata. Ku tashi bayan sallar asuba da rigar sanyi, ku kasance kun sauko daga dutse kafin goma da rabi. Fitar yamma gajera ce: rana na faɗuwa da misalin ƙarfe shida, kuma cikin rabin awa duhu ya rufe. Ga dabarar auna sauran rana: miƙa hannu gaba sosai, jera yatsu a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa, kowane yatsa kimanin minti 15 ne. In ya rage yatsu huɗu a fara saukowa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin dutsen daga nesa, a fasa, musamman in akwai mai asma ko mai tari a cikinku.

Yarana silifa suke sawa kullum, har ƙwallo da shi suke bugawa. Dole sai na sayi wani takalmi? (Wani uba, Garin Malam)

Dole ne, Malam, amma ba sai mai tsada ba. Kambas na gwanjo daga kasuwar Dole ya isa, muddin ya rufe yatsu, yana da igiya, kuma ƙasansa roba ce mai zane da ba ta side ba. Silifa na kwaɓewa a gangara, yaro ya kai hannu zai kamo shi, a nan ake faɗuwa. Ƙayar aduwa kuma na ratsa shi kamar ba komai. Sabon takalmi a sa shi a gida kwana uku ko huɗu kafin ranar, in ba haka ba zai yi wa diddige bororo tun a kilomitar farko. A yanke farcen ƙafa, domin a gangara yatsu na dukan bakin takalmi. A sa dogon wando ya rufe safa saboda ƙarangiya. Wadda ta maƙale kada a cizge ta da busassun yatsu, a jiƙa yatsu ko a share ta da matsefi, ƙananan ƙayoyin da suka karye a fata a cire da hantsaki. Ƙaya in ta shiga da zurfi a wanke da ruwa da sabulu, a kuma duba ko allurar tetanus ɗin yaron ta cika. Ƴan mata su sa wando a ƙarƙashin zane, a tattare dogon hijabi a ɗaure a ƙugu don kada ya rufe musu ganin ƙafa. Babbar riga a bar ta a gida.

Tunda ka kawo maganar ƙafa, bari mu faɗi abin da ya fi takalmin. Galibin faɗuwa a saukowa ake yin ta. Mai hawa yana ganin inda zai taka a gaban idonsa, mai saukowa kuwa ƙafarsa ce ke lalube, ga gajiya, ga ɗokin isa ƙasa. Ka koya musu su sauko a karkace, gefen jiki na fuskantar gangara, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, tafin ƙafa duka a kan dutse. Inda ya yi tsaye a zauna a ja gindi, ba abin kunya ba ne. Babba ya tsaya a ƙasan yaro, a hawa da saukowa duka. Kada yara su riƙe hannun juna a jere, ɗaya in ya tafi zai ja sauran. Busasshen dutse mai kaushi yana riƙe takalmi da kyau, amma inda iska ta watsa masa yashi kamar an zuba gero a kan siminti ne, a kauce masa. Akwai kuma ɓawon dutse, faifan da zafin rana da sanyin dare da ruwa suka ɗaga a hankali. Ka ƙwanƙwasa da sanda, in ka ji ƙarar rami a ƙarƙashi kada a taka bakinsa. Doka biyu tun daga gida: ba tsallake tsaga, ba gangaro da dutse ko jifa daga sama, domin ba ka san mai kiwon da ke zaune a ƙasa ba.

Tsoron maciji da kunama ne ya hana ni barin yara su je. Yaya ake kiyayewa, kuma in tsautsayi ya faɗa me za a yi? (Wata Hajiya, Karkada)

Hajiya, tsoronki na kan hanya, sai dai kiyayewar ba ta da wuya. Maciji ba ya farautar mutum. Sara na zuwa ne idan an taka shi ko an kai hannu inda yake. A yankinmu wadda ta fi ɓarna ita ce kububuwa, gajera ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma in an matsa mata tana goga jikinta tana wata ƙara kamar ruwa a kan garwashi. Akwai kasa mai kauri da ba ta gudu, akwai kumurci mai tsartuwa. Da sanyi sukan lafe a rami da tsaga, da hantsi su fito shan rana a bakin dutse. Don haka a koya wa yara abu huɗu: kada hannu ya shiga inda ido bai gani ba, kada a ɗaga dutse ko icce da hannu, kada a zauna sai an duba an buga wurin da sanda, kuma in an ga maciji a tsaya cak a ja da baya a hankali. Bin damo ko kurege har cikin rami da hannu shi ne abin da samari suka fi yi, a hana su. Babba mai sanda ya shige gaba a inda ciyawa take. Takalmin da aka cire don sallah ko hutu a kakkaɓe shi kafin a mayar, kunama na son irin wannan wuri.

In an yi sara, a janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗaura wa ƙafar ko hannun icce kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, ɗauri sassauƙa wanda yatsa zai shige ƙarƙashinsa. A ɗauke shi, kada ya taka in da hali. A lura da lokacin da abin ya faru, a nufi likita. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba ko igiya tamau, domin wannan na kashe naman ƙafa har a kai ga yankewa. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ba da asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai. Kada a tsaya neman macijin. Abin da ya sa muke nanata likita shi ne dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum na iya zama garau na awoyi kafin jini ya fara fita ta dasashi, ko hanci, ko fitsari. A likita ana ɗibar jini a kwalba a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai allurar maganin dafi. Ita kaɗai ke karya shi. Ba kowane ƙaramin gidan likita ke da ita ba, saboda haka tun kafin fita a tambaya a san inda take mafi kusa, wannan ma wani dalili ne na farawa da wuraren da ba su yi nisa da Zinder ko Mirya ba. In kumurci ya yi tsartuwa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20, kada a murza, sannan a je likita. Haka ake yi wa ruwan tumfafiya in ya shiga ido, kuma yara na son fasa ƙwallonta, a gargaɗe su.

Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne na awoyi. Ga ƙaramin yaro ba a jira. In ya fara gumi, ko dalalar da miyau, ko amai, ko numfashi sama-sama, gaggawa ce. Mu dai duk yaron da bai kai shekara goma ba, mun fi son a kai shi likita ko bai nuna komai ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma a kan dutse ya kai maciji haɗari: zuma da rina. Suna gida a kogo da tsaga, kuma mai gudun zuma a kan dutse faɗuwa yake yi. In kuka ga suna shiga da fita ta wuri ɗaya, ku juya shiru, ba ihu, ba jifa, ba hayaƙi.

Ni mushe ne, wato malamin lakwal, ina so in kai ƴan ajina su 35 wani dutse kusa da wani ƙauye. Me zan tanada? (Wani malami, hanyar Tanut)

Allah ya saka, Malam. Ka fara da izinin darakta da na iyaye a rubuce, ka tambayi kowane gida ko yaro na da asma, farfaɗiya ko sikila. Mai sikila sanyin asuba da ƙishi da gajiya duk suna tayar masa da ciwo, a ba shi gajerar hanya da ruwa mai yawa. Yara 35 na buƙatar manya aƙalla biyar, da mace a ciki, kowa da rukuninsa na bakwai da sunayensu a takarda. Babba ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, ɗaya a baya wanda ba ya barin kowa. A ƙirga su lokacin tashi, a gindin dutse, a sama, da kafin mota ta tashi. Ka sayi usur. Ka gaya musu duk wanda ya ɓace ya zauna inda yake ya yi ta kira, domin yaron da ke yawon neman hanya shi ke ƙara nisa.

Kafin ranar ka je ka gai da maigari da ɗan goro, ka faɗi ranar da yawanku. Ka roƙi a ba ka saurayi ɗaya ya raka ku, ka sallame shi da abin kirki. Shi ya san kogon zuma, da tsohuwar rijiyar da ciyawa ta rufe, da wurin da mutanen gari ba sa so a hau ko a taɓa saboda maƙabarta ko al'adarsu, kuma wannan a girmama shi ba gardama. Kafin girbi ba a ratsa gona. Bayan girbi ma kara da harawa da ke tare dukiyar wani ce, ƴaƴan itacen garka kuma da mai su. In kun haɗu da garke a burtali ku tsaya gefe ya wuce, kada yara su gudu a gaban karen makiyayi. Ba a ɗaukar hoton mata a rijiya sai da izini. Wuta kuwa, da rani ƙyastu ɗaya na cinye makiyayar gari guda. In za a dafa shayi a yi shi a kan fako ko falalen dutse, a kashe da ruwa, a taɓa tokar da hannu. Ka bar wa wani a gari sunan ƙauyen da lokacin dawowarku, ka cika salula da caji, ka riƙe lambar ƴan kwana-kwana, 18, amma ka sani a bayan dutse rezo na ɗaukewa, wani lokaci sai an fito fili.

Shekarata 66, ina da ciwon sukari da ciwon gwiwa, jikoki na so in bi su. (Wani dattijo, Mirya)

Baba, ka bi su, tafiya magani ce ga sukari, amma ka fara shawartar likitanka. Ka karya kumallo kafin ka fita, kada ka sha magani ka tafi da yunwa. Ka sa dabino uku ko ƙwayar sukari a aljihu, in ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri ka zauna ka ci nan take, kuma jikan da ya fi wayo ya san da wannan. Gwiwa a gangara take wahala, don haka ka zagaya gindin dutse da sanda mai kaiwa gwiwar hannu, minti 30 zuwa 40 ya isa. Da an dawo ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, domin mai sukari kan taka ƙaya bai ji ba. Ciwon ƙirji ko numfashi ya gagara, a tsaya a nemi mota.

Da damina fa? Lokacin ne daji ya fi kyau, yara kuma na son wanka a tabki. (Wata malama, Magarya)

Gaskiya ya fi kyau, amma da sharaɗi. Jiƙaƙƙen dutse, musamman inda ruwa ke bi ya bar baƙin zane, santsi ne da shi kamar sabulu, a jira ya bushe. Hadari in ya haɗo daga gabas a sauka tun kafin iskar ta iso. In kin ga walƙiya ki ƙirga, kowane daƙiƙa uku kafin tsawa kilomita ɗaya ne, kuma in bai kai 30 ba kuna cikin haɗari. Kan dutse, da ƙarƙashin itace guda a fili, da bakin kogo duk wuraren aradu ne. Mota a rufe ko ɗaki su ne mafaka, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Busasshiyar ƙorama kan cika da ruwan da aka yi a wani wuri, kada a zauna a cikinta, kada a ratsa ruwa mai gudu da yara.

Wanka a tabki kuwa ba mu yarda da shi ba. Tsargiya ta fata take shiga, daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan kwance, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Ramukan da aka ɗebi ƙasa ko aka fasa dutse sun fi muni, domin bakinsu ba zurfi, taku biyu sai rami ya wuce tsayin babba, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa.

Mun je sau ɗaya, yara suka ce ba abin gani sai duwatsu da ƙaya. Yaya zan sa su so abin? (Wani uba, Tudun Jamus)

Ka ba su aiki, Malam. Da sassafe rairayi cike yake da sawun dare: na bushiya, na zomo, na kurege, jan cikin ƙadangare, ɗigo-ɗigon buzuzu. Kowa ya nemo sawu uku ya faɗi mai shi da inda ya nufa. Ka sa su tara ganyen itace biyar su koyi sunansu, sabara, kalgo, anza, magarya, aduwa, su tambayi ɗan rakiya amfanin kowanne. Ka nuna musu gawo, da yake kore shar da rani ya kaɗe ganye da damina, shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Ka nuna musu goruba da ke raba reshe biyu, abin da dabino da giginya ba sa yi. Ka tambaye su wa ya ɗora wancan ƙaton dutse a kan ɗan'uwansa, ka bar su su yi ta gardama, sannan ka gaya musu dutse ɗaya ne a da can ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya bi tsagoginsa ya cinye kusurwoyin a hankali, daga baya ƙasar da ta rufe shi ta zaizaye ta bar su a tsaye. Su duba fuskar dutsen kusa-kusa, za su ga ƙwayoyi iri uku, fari mai kama da gilashi, mai ruwan hoda, da baƙi mai ƙyalli. In kun kai sama kowa ya nuna gabas, ya nemo hanyar da kuka biyo da inda kuka bar mota. Babba a cikinsu a ba shi agogo da lissafin ruwa, shi zai ce a juya. Ƙaramin a ba shi littafi da fensir, da ƴar jaka da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba, ya riƙe gorar ruwansa da dabinonsa da kansa.